Yadda Ake Zaɓen Dabbar Kiwo Wadda Jikinta Ya Dace Da Ƙasar Da Za Ta Zauna

Tambayar da masu karatu suka fi yawan aikowa game da kiwo ita ce, me ya sa mutum zai sayi dabba lafiyayya a kara, mai ƙiba da sheƙi, ya kai ta garinsu, ya wadata ta da abinci da magani, amma kafin damina ta fita sai ta rame ko ta mutu? Wani ragunan Balami ya ɗauko daga Potiskum ya kai gefen Lokoja, wani kuma saniyar Turawa mai madara ya ɗaure a Gashuwa cikin tsakiyar bazara. A mafi yawan lokuta dalilin yana rubuce a jikin dabbar tun ranar da aka saye ta, domin tsawon ƙafarta da irin gashinta da launin fatarta da ƙirar bakinta da kofatonta duk sun dace ne da wata ƙasa takamaimiya, kuma idan aka raba ta da wannan ƙasa, abin da yake kare ta a can shi ne zai iya zame mata illa a nan. Ga yadda ake bin lamarin daki-daki, daga gida zuwa kara, daga kara kuma zuwa turke.

Mataki na 1: Auna garinku kafin ka je kasuwa

Abubuwa huɗu za ka tantance: yawan ruwan sama, nisan mashaya a watan Afrilu, kasancewar ƙudan tsando, da irin ƙasar da dabbar za ta riƙa takawa. A Agadas ruwan shekara ba ya kai milimita 200. A Damagaram da Maraɗi da Nguru da Katsina da Sakkwato yana tsakanin 400 da 700. Kano da Zariya suna samun daga 800 zuwa wajen 1,100, Minna da Lafiya da Makurɗi kuwa daga wajen 1,200 ne zuwa sama, kuma daminarsu ta fi tsawo nesa ba kusa ba.

Wanda ba shi da waɗannan alƙaluma na garinsu sai ya dubi itatuwa da ciyayi. Inda aduwa da farar ƙaya da ƙarangiya suka rinjayi daji, ƙasar fari ce, abin tsoro a nan shi ne ƙishirwa da yunwar ƙarshen rani. Inda gawo da kuka da tsamiya suke tsaye a gonaki, an samu tsaka-tsaki, kusan kowace dabbar arewa za ta zauna. Inda kuwa doka da kaɗanya da doguwar gamba suka cika daji, ko aka ga kurmi mai duhu yana bin bakin rafi har da kwakwar manja, to an shigo gidan tsando da kaska da tsutsar ciki, kuma cuta ce za ta fi cin dabba a nan fiye da yunwa.

Gargaɗi: kada ka yanke hukunci da abin da ka gani da rani. Wurin da yake fes babu ƙuda a watan Janairu yana iya zama wanda shanu ba sa iya tsayawa a cikinsa a watan Agusta. Ka nemi Bafulatanin da rugarsa take yin damina a yankin, ka tambaye shi irin shanun da suke jurewa da waɗanda sammore, cutar da cizon ƙudan tsando yake sawa, take kayarwa, sannan ka tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Amsar mutanen nan biyu ta fi duk abin da dillali zai faɗa maka.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki da kasafi

Kayan ba su da yawa: igiya mai ƙwari, tef irin na tela, ma'aunin zafin jiki wanda ake samu a kantin magani, ƙaramar tocila don duba baki da kunne, da littafi da biro. Abin da ya fi su duka muhimmanci shi ne mutum guda wanda ya san dabba kuma ba shi da kaso a cinikin.

Farashin dabba yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, har daga mako zuwa mako, saboda haka abin da za a iya tsayarwa tun daga gida shi ne rabon kuɗin. Bayan kuɗin dabbar akwai la'adar dillali, da harajin kara, da kuɗin lodi da mota, da allurai da maganin tsutsa, da rumfa, da abincin aƙalla wata uku. Shawarata ita ce kada kuɗin sayen ya wuce kashi biyu cikin uku na jarin. Ka kuma lissafa ruwa, wanda shi ne mutane suka fi mantawa: babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 40 a ranar zafi, wato fiye da jarka guda, tunkiya ko akuya kuma lita 3 zuwa 5. A garin da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa mutum ya bar shanu ya koma awaki.

Mataki na 3: Zaɓi kasuwa da lokaci

Kowace kara tana da irin dabbobin da suke kwararo mata. Maigatari ranar Alhamis, da Mai'aduwa da Illela ranar Lahadi, suna bakin iyakar Nijar, saboda haka raƙuma da jajayen shanun Bororo da Azawak da dogayen tumakin Uda sun yawaita a cikinsu. Potiskum ranar Laraba tana karɓar dabbobin Borno da Yobe da na wajen Chadi. Wudil ranar Juma'a tana haɗa iri-iri. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce ka sayi dabbar kiwo daga kasuwar da yanayinta ya fi kusa da na garinku, ko da ta ɗan fi tsada. Dabbar yanka ko ta layya wadda ba za ta wuce 'yan makonni ba, ita ce ake iya ɗaukowa daga ko'ina.

Idan dole sai ka sauya wa dabba ƙasa, ka bi lokacin da makiyaya suke bi. Dabbar arewa ana gangarawa da ita kudu bayan kaka, lokacin da ƙuda ya ragu kuma ƙasa ta bushe. Dabbar kudu ana haurawa da ita arewa idan ciyawa ta fito, tabkuna sun kawo.

Gargaɗi: a ƙarshen bazara dabbobi suna araha saboda rama, kuma masu kiwon turke suna cin riba a nan, amma lokacin ne ya fi wuya a bambanta ramar yunwa da ramar cuta. Sabon shiga ya haƙura da wannan arahar.

Mataki na 4: Tsaya daga nesa ka dubi ƙira

Kafin ka taɓa dabba, ka tsaya taku goma daga gare ta ka dubi tsawon ƙafa da faɗin jiki. Dabbar ƙasar fari doguwa ce, mai siririyar ƙafa da jiki marar faɗi. Haka Rahaji suke, wato jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, haka tumakin Uda masu rabin jiki baƙi ko ja rabi fari, haka kuma dogayen awakin Buzaye. Doguwar ƙafa tana cin tafiya mai nisa tsakanin makiyaya da rijiya, tana ɗaga ciki daga rairayi mai zafi, siririn jiki kuma ya fi saurin sakin zafi. Irin wannan dabba an yi ta ne don yawo, kuma Rahaji musamman ba sa son ɗauri, ga su da tsoron baƙo. Wanda ya sayi karsanar Bororo don ya ɗaure ta a bayan gida cikin unguwa ya sayi wahala.

Dabbar kurmi kuwa gajera ce dunƙulalliya. Muturu, shanun kudancin Najeriya marasa tozo, da ƙyar tsayinsu yake kai mita guda, awaki da tumakin kudu su ma ƙafafunsu gajeru ne. Ba sa bukatar tafiya mai nisa, domin ganye da ruwa suna kusa, ƙarfinsu yana cikin jini: su da shanun Indama, waɗanda asalinsu tsaunukan Futa Jalon ne a ƙasar Gini, suna iya ɗaukar ƙwayar sammore su ci gaba da kiwo da haihuwa a inda Bunaji, farar saniyar Fulani, za ta faɗi. Keteku da ake samu a yankin Borgu da Kwara da arewacin Oyo haɗin Muturu ne da shanu masu tozo, kuma sun ɗebo wani abu daga juriyar kowane ɓangare. Ƙanƙantar waɗannan dabbobi ita take sa mai saye daga arewa ya raina su, alhali a gefen Binuwai ko Kogi su ne za su ga damina biyar a tsaye.

A tsakanin waɗannan akwai masu matsakaiciyar ƙira, kuma su ne suka fi dacewa da yawancin masu tambaya. Bunaji, fararen shanun Fulani, su ne mafiya yaɗuwa a Najeriya saboda suna jure tafiya da zafi kuma suna iya gangarawa kudu fiye da sauran masu tozo. Bokolo na Sakkwato masu gajeren ƙaho sun fi kauri da sanyin hali, sun dace da turke da huɗa da tatsa. A tumaki, 'Yankasa fara mai baƙi a ido da baki ita ce ke zama kusan ko'ina daga Katsina har Nasarawa, Balami kuwa, duk girmanta da kwarjininta, 'yar busasshiyar ƙasa ce, danshi yana kawo mata tari da ruɓewar kofato. A awaki, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana yawan haifar tagwaye kuma tana zama a cikin gari lafiya.

Gargaɗi: idan ka ga shanu marasa tozo masu manyan ƙahoni kumburarru, Kuri ne na Tafkin Chadi. Suna da madara kuma suna iyo tsakanin tsibirai don neman ciyawar ruwa, amma nesa da tafkin ba sa jure busasshen zafi da doguwar tafiya. Kada sha'awar ƙahon ta ja ka.

Mataki na 5: Shafa fata, ka buɗa gashi

Yanzu sai ka matso. Ka shafa dabbar daga wuya zuwa gadon baya. Abin da ake so a ƙasar zafi shi ne gajeren gashi mai santsi wanda ya kwanta, da fata sakakkiya mai motsi a ƙarƙashin hannu. Gajeren gashi yana barin gumi ya bushe da sauri ya tafi da zafi, kaska kuma ba ta samun maɓoya, saniyar da take iya girgiza fatarta kuwa tana korar ƙuda ba sai da jela kaɗai ba. Mutane sukan ɗauka cewa tozo da fatar nan mai reto a ƙarƙashin wuya su ne sirrin juriyar zafi, amma santsin gashi da yawan kafofin gumi sun fi su tasiri.

Sai ka buɗa gashin da yatsu ka ga launin fatar da ke ƙarƙashi. Bunaji ta asali gashinta fari ne, fatarta baƙa, haka bakinta da kunnuwanta da gefen idonta. Farin gashin yana mayar da hasken rana, baƙar fatar kuma tana hana rana ƙona ta. Dabbar da gashinta fari ne, fatarta kuma ja-ja ce fayau musamman a gefen ido da hanci, rana za ta riƙa yi mata rauni, sai mai inuwa wadatacciya ya saye ta. Tumakinmu ma gashi gare su ba ulu ba, kuma wannan ba kasawa ba ce: ragon waje mai ulu da ake tallatawa don girmansa, a Kano sai ya riƙa haki tun hantsi. Dogayen kunnuwan Uda da Balami su ma suna taimakawa wajen sakin zafi, sai dai a ƙasar kaska cikin kunnen nan ne take taruwa, saboda haka ka haska tocila a ciki.

Nan ne wurin maganar shanun Turawa masu baƙi da fari. An samar da su ne a ƙasashe masu sanyi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 25 sai su fara rage ci, madara ta ragu, ɗaukar ciki ya yi wuya. A Jos da Mambila suna iya zama. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara yake wuce digiri 40, sai mai rumfa babba da ruwan yayyafi da likita a kusa. Wanda yake son madara a ƙasar zafi ya nemi ruwa-biyu, wadda rabin jininta na gida ne, ko ya nemi Azawak, wadda aka daɗe ana inganta irinta a tashar Tukunus ta yankin Filinge a Nijar, ko Bokolo mai kyakkyawar hantsa. Cibiyar binciken kiwo ta Shika da ke Zariya wuri ne da ake neman shawara a kan ruwa-biyu.

Gargaɗi: duk inda hannunka ya ji ɓawo mai tauri a gadon baya, gashi ya dunƙule yana ɓarewa da fata, kirci ne, kuma damina da kaska suna hura shi. Dabbar da take da shi a kasuwar arewa da rani, idan ta ga ruwan kudu sai ya rufe ta. A raƙumi da akuya kuma ka duba ƙazuwa a wuya da hammata da tsakanin cinyoyi.

Mataki na 6: Matsa tozo, ka auna ƙirji

Tozo rumbun dabba ne. A raƙumi kitse ne zalla wanda jiki yake ci a lokacin yunwa, babu ruwa a cikinsa kamar yadda wasu suke zato, kuma tara kitsen wuri guda yana barin sauran jiki ya saki zafi. A shanu haɗin tsoka ne da kitse. Tozon da yake tsaye da tauri yana nuna dabbar ta ci ta ƙoshi na tsawon watanni, wanda ya kwanta gefe ko ya yi laushi kuma yana nuna ta cinye ajiyarta. Ka haɗa da haƙarƙari da ƙashin ƙugu da gindin jela, domin ciki yana iya cika da ruwa a safiya guda, amma waɗannan wurare ba sa cika sai da kiwo.

Don ƙiyasta nauyin sa ko saniya, ka zagaya ƙirji da tef daidai bayan ƙafafun gaba, sannan ka auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin jela, duka a santimita. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Saniyar da ƙirjinta ya ba da 150, tsawonta 120, nauyinta zai kama kilo 250. Irin wannan za ta ci busasshen abinci kilo 6 zuwa 7 a rana, kuma da wannan awo ne za a ba ta magani daidai.

Gargaɗi: akwai masu ba dabba gishiri ko kanwa da dare su ɗura mata ruwa da safe don ta cika ido. Idan ciki ya yi tim amma haƙarƙari suna ƙirguwa, ka jira har la'asar ka sake dubawa.

Mataki na 7: Buɗe baki

Bakin dabba yana faɗa maka shekarunta da kuma abincin da za ta iya ci. Shanu da tumaki da awaki ba su da haƙoran gaba a sama, guda takwas ne a ƙasa. A shanunmu, manyan haƙora biyu na farko suna maye na nono a wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, kuma bakin yana cika da takwas a wajen shekara huɗu da rabi zuwa biyar. A tumaki da awaki biyun farko suna fitowa daga shekara guda zuwa ɗaya da rabi, bakin ya cika a wajen shekara huɗu. Don kiwon haihuwa, mai manyan haƙora biyu ko huɗu ake nema. A ƙasar rairayi haƙora suna saurin cinyewa saboda yashin da yake bin ciyawa, saboda haka dabbar da haƙoranta suka gajarce ko suka yi giɓi ba za ta iya cin karmamin rani ba, ko da shekarunta ba su yi yawa ba.

Ƙirar bakin ita ma abin lura ce. Saniya faffaɗan baki gare ta, da harshe take naɗo ciyawa, saboda haka tana bukatar ciyawa mai ɗan tsawo, kuma a filin da aka cinye ƙurmus za ta wuni tana yawo ba ta ƙoshi ba. Tunkiya tana da tsagaggen leɓen sama, tana tsintar gajeriyar ciyawa har ƙasa. Akuya siririn baki gare ta da leɓe mai motsi, tana zaɓo ganye daga tsakanin ƙayar magarya da bagaruwa, tana tsayawa a kan ƙafafun baya don ta kamo reshe. Raƙumi ya fi su duka kaiwa sama, kuma cikin bakinsa yana jure ƙaya. Saboda haka idan abin da dajinku yake da shi da rani itatuwan ƙaya ne da 'ya'yan gawo, akuya da raƙumi ne za su ci moriyarsa. Idan kuma fadama ce da gamba da karan gona, shanu da tumaki ne.

Gargaɗi: dalala mai yawa tare da gyambo a harshe ko dasashi alamar ciwon baki da kofato ce, kuma yana yaɗuwa cikin garke da sauri. Ka bar dabbar, ka wanke hannunka da takalminka kafin ka shiga wurin naka. Ga akuyar da ta tashi a cikin gari kuma, ka danna cikinta ta gefen hagu, idan ka ji dunƙule mai tauri ga rama ga ƙarancin tuƙa, mai yiwuwa leda ce ta tara a tumbi, wadda babu maganin da yake narkar da ita.

Mataki na 8: Ɗaga ƙafa

Ka sa a ja dabbar ta yi tafiya a gabanka, sannan ka ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Baƙin kofato mai tauri wanda ɓangarorinsa biyu suka yi daidai shi ake so. Ka shinshina tsakaninsu, wari alamar ruɓewa ce. Dabbar da ta saba da tsandauri ko duwatsu, ƙasa ce take goge mata kofato, idan aka ɗaure ta a kan taki mai danshi sai ya yi tsawo ya karkace, dole a riƙa yanke shi.

Raƙumi ba shi da kofato irin na shanu. Tafi ne gare shi mai faɗi da laushi wanda yake bajewa a kan rairayi ya hana shi nutsewa, amma a kan laka santsi yake ja, kuma raƙumin da ƙafafunsa suka ware a taɓo yana iya karyewa ko gaɓarsa ta goce. Ka duba tafin ko ya tsage, ka duba kantar ƙirjinsa wadda yake durƙusawa a kai, domin rauni a nan yana hana shi aikin kaya. Wannan tafi, tare da cutar jini da ƙudajen bakin fadama suke sa masa, su ne dalilin da ya sa masu raƙuma suke gangarowa kudu da rani su koma da farkon ruwa.

Mataki na 9: Ido, kaluluwa da zafin jiki

Ka janye fatar ido ta ƙasa ka dubi cikinta. Ja-ja mai haske lafiya ce, fari fat kuma ƙarancin jini ne, wanda tsutsar ciki ko ciwon hanta ko sammore suke kawowa. Kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa shi ma haka. Ka lalubi gaban kafaɗa, idan kaluluwa ta kumbura ga hawaye ga gashin jela yana zuba, ka zargi sammore. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki, idan ta jima ba ta koma ba, dabbar ta bushe da ƙishirwa. Tari a saniya, musamman idan ta miƙa wuya ta ware ƙafafun gaba bayan ɗan gudu, abin gudu ne saboda ciwon huhu.

Ana sa ma'aunin zafi ta dubura. Shanu suna tsakanin digiri 38 da 39, tumaki da awaki daga 38 da rabi zuwa wajen 40. Raƙumi daban yake: idan yana jin ƙishirwa jikinsa yana sauka har wajen 34 da asuba ya haura 40 da rana, kuma da haka yake adana ruwan da zai ɓata a gumi. Saboda haka da sassafe ake auna shi, awon azahar ba ya nuna zazzaɓi.

Mataki na 10: Ciniki, takarda da mota

Ka tambayi mai dabbar garin da ta tashi, abin da take ci, da sau nawa ake shayar da ita. Kada ka biya sai a gaban shugabannin kara, ka karɓi rasiɗi mai ɗauke da kamannin dabbar, domin a wannan zamani na satar shanu dabbar da ba ta da shaida tana iya kai mai ita ga hukuma. Idan za ka tsallaka jiha ko iyaka, ka nemi takardar malamin dabbobi. A zuba yashi a ƙasan mota, kada a cunkusa, a kuma yi tafiyar da yamma ko da asuba.

Mataki na 11: Keɓewa da sabo

Dabbar da ta iso gida a keɓe ta daga sauran na mako uku zuwa huɗu, da mazubin ruwa da na abinci nata daban. A ranar farko ruwa kaɗan-kaɗan da busasshiyar ciyawa ko harawa sun isa. Narkar da abinci a tumbi aikin wasu ƙananan halittu ne da suka saba da abin da dabbar take ci a da, kuma suna bukatar kwana goma zuwa mako biyu kafin su karɓi sabo, saboda haka dusa da ƙowa da angurya ana fara su ne da ɗan tafin hannu a riƙa ƙarawa. Ragon daji da aka cika wa kwano da dusa ko hatsi a daren farko, kumburin ciki yana iya kashe shi kafin gari ya waye. A ajiye musu kanwa ko gishirin lasa, bukatar da take sa makiyayan Nijar haurawa Ingal, wurin ƙasa mai gishiri a yankin Agadas, kowace shekara a ƙarshen damina.

Bayan dabbar ta huta kwana biyu ko uku, a ba ta maganin tsutsa daidai nauyinta a kuma yi mata maganin kaska. Rigakafin ciwon huhu na shanu ana maimaita shi duk shekara, na annobar zawo da majina ta awaki da tumaki kuma yana karewa har wajen shekara uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos tana yin waɗannan allurai, kuma ta hannun malamin dabbobi ake karɓarsu, domin allurar da ta sha rana a tebur ɗin kasuwa ta riga ta mutu. A ƙasar tsando, likita ne zai tsara allurar kariya daga sammore kafin damina, tare da nisantar kurmin bakin rafi.

Gargaɗi: baƙuwar dabba ba ta san tsirran sabuwar ƙasa ba. 'Yar gida tana kauce wa ganyen gwaska da tururubi, baƙuwa mai yunwa kuwa tana iya cin su, kuma gyauron dawa ɗanye yana kashe ko wacce. A fitarta ta farko a ƙosar da ita a gida tukuna, a haɗa ta da garken da ya san dajin, a kuma bari raɓa ta bushe kafin a sake ta. Mace mai sabon ciki kuma ba kowane maganin tsutsa ake ba ta ba, sai an tambayi malamin dabbobi wanda ya dace da ita.